Kalmar da Na Hana Ka Faɗi

Zongo, Kwatano
Ranar Juma'a, bayan la'asar

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, na so in rubuta "da fatan kana lafiya" kamar yadda aka saba, sai hannuna ya tsaya. Ina fatan dai kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta iso ka ba, ba kuma za ka karanta ta ba. Ko da kana nan ma ni ce zan karanta maka, kana zaune a tabarmar ƙofar ɗaki kana cewa in rage gudu, ba tsere muke yi ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, kuma kai kaɗai ta shafa.

Labarin gida tukuna, don shi za ka fara tambaya. Yau wata biyar da kwana tara da rasuwarka, a lissafin wata da Inna take bi. Gobe za ta cika wata guda da fita takaba. Wurin da ta fara zuwa ba gidan 'yan uwa ba ne. Bakin teku ta nufa, Placodji, ta sayo kifi da hannunta, wai wata huɗu ina ciyar da ita kifin da ya mutu sau biyu. Motarka tana hannun abokinka Malam Garba, shi ke kai ta Legas yanzu. Ƙofar baya ta hagu har yau sai daga waje take buɗewa. Ya ce ba zai gyara ba, don fasinjoji sun saba. Ruwan bana ya shigo lungunmu sau biyu, bai dai kai ɗaki ba.

Sai maganata. Bayan sadakar arba'in, ƙanenka Baffa Idi ya kira ni ya ce ya ba ni zuwa buɗe makarantu. In na sami aikin koyarwa, madalla. In ban samu ba, in zo in riƙe masa shagon atamfarsa na kasuwar San-Mishel. Ba da mugunta ya faɗa ba, Baba. Ya ce takardar lisansi, digirina na jami'a, ba ta ruɓewa a akwati, amma mutum yana ruɓewa da zama. Na amsa da to. Na kai takarduna makarantu bakwai. Biyar ba su ce komai ba. Ɗaya ta ce malamin Faransanci take nema. Ta bakwai, wata lakwal mai zaman kanta a Godome da ke koyarwa da Turanci da Faransanci, ita ce ta kira ni. Suka ce mu biyu ne, gurbi ɗaya ne. Kowa zai koyar da 'yan darasin hutu na rabin sa'a, shugabar makarantar tana kallo. Da na buɗe takardar da aka rubuta abin da zan koyar, sai da na sake karanta ta. Kalma biyu ce: *present perfect*.

Bari in gaya maka ko mene ne shi, don ban taɓa zama na yi maka bayanin abin da nake karantawa ba, ko sau ɗaya cikin shekara uku.

Mu a Hausa, idan na ce na ci abinci, magana ta ƙare. Ko jiya na ci, ko yanzu na wanke hannu, kalmar ɗaya ce, mai sauraro ne zai gane wanne nake nufi. Masu Turanci ba su yarda da haka ba. Sun raba abin da ya wuce gida biyu. Ka ɗauka fasinjoji biyu ne. Na farko ya sauka a Seme, kan iyaka, ya ɗauki jakarsa, ka san inda ka ajiye shi da lokacin da ka ajiye shi. Wannan shi ne *I ate*. Na biyu ya shiga tun can baya, amma har yanzu yana cikin mota, kana jin nauyinsa a taya. Wannan shi ne *I have eaten*: na ci, ga ƙoshin nan tare da ni, kada a zuba mini. Dokar kuwa ita ce, ba ka faɗin inda fasinja ya sauka alhali bai sauka ba. Shi ya sa ba a haɗa *have* da jiya, ko bara, ko watan da ya wuce.

Da sauƙi, ko? To ga inda mu 'yan Kwatano muke faɗawa rami. Tun muna ƙanana aka koya mana *j'ai mangé* a lakwal. In ka bi shi kalma-kalma, shi ne *I have eaten*, ba ragi ba ƙari. Amma na Faransanci yana tafiya da jiya lafiya lau, ba wanda zai ɗaga gira. Mota biyu ce mai fenti ɗaya a tasha ɗaya, wannan ta Legas, waccan ta Lome. Duk wanda ya yi karatu da Faransanci, ta Lome yake shiga, yana kuma rantsuwa ya duba lamba.

Ni ma na shiga, a gabanka. Ka tuna ranar da na kare aikina na ƙarshe a jami'a, ranar sutinansi? Kana layi na uku da shuɗiyar rigarka, ka hana Malam Garba amsa waya. Jimlata ta biyu ita ce *I have finished this work last month*. Tsohon malamin nan mai furfura ya ɗaga yatsa ya maimaita ta a hankali, sau biyu, yana kallon sauran malamai. Gyara yake yi mini, a gaban kowa. Kai kuwa kana ta gyaɗa kai. Daga baya na ji kana gaya wa mutane a ƙofar masallaci cewa babban farfesa sai da ya maimaita maganar 'yarka saboda daɗinta. Ban gyara maka ba. Na ci jarrabawar, amma tun daga ranar duk lokacin da *have* zai fito daga bakina sai na ji yatsan nan a sama.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun shekarata ta farko a jami'a, duk sanda ka ƙetare iyaka sai ka aiko mini saƙon murya da Turancinka. Ka ce ni ce mai Turancin gidan, da wa za ka yi in ba da ni ba? *Sala, I don reach.* Wani lokaci *I never chop*. Wani lokaci labarin ruwan sama, ko na fasinjar da ta shigo da kaji. A shekara ta biyu, wata rana muna zaune a inuwar ɗakin karatu, na danna saƙonka ban lura lasifika a buɗe take ba. Muryarka ta fito da ƙarfi, da hayaniyar tasha a bayanta. Aka yi dariya. Har ƙarshen zangon ana kirana Madam Aidon-ric. Da ka dawo, kana cin tuwo bayan magariba, na ce maka ka riƙa yi mini saƙo da Hausa, don wannan da kake yi ba Turanci ba ne, buroka ce ta 'yan tasha, kuma tana ɓata mini kunne. Ka tsaya da loma a hannu. Ka ce to, Malama. Ka ci gaba da cin abincinka. Saƙon da ya biyo baya da Hausa ya zo: ka iso lafiya, in gaida Innata. Haka suka ci gaba da zuwa har ƙarshe.

Ban taɓa ba ka haƙuri ba. A lokacin ma ban ga laifin da na yi ba. Gani nake na kare karatuna, karatun da kai kake bin hanya dominsa.

Ranar Lahadin nan da hantsi na zauna shirya darasi. Ina neman misali na abin da ya fara tun da, yake kuma ci gaba, sai hannuna ya rubuta: *My father has driven the Lagos road for twenty-six years.* Na duba ta, komai daidai. Da yake ba na yarda da kaina, na buɗe littafin nahawu don in tabbatar. A ƙasan shafi akwai ɗan ƙaramin bayani da na sha wucewa ban kula ba. Wai ba a yi wa mamaci irin wannan jimla. In ka ce *has driven*, kana nufin mutumin yana raye, gobe ma yana iya tayar da mota. In ya rasu, sai ka cire *has*, ka ce *drove*.

Na daɗe ina kallon shafin. Wa ya zauna ya yanke wannan hukunci? Ko ba wanda ya yanke, bakunan mutane ne suka taru a kai ba tare da shawara ba? Sai na ga kuma an yarda a ce *he has died* idan labarin sabo ne, idan ana sanar da wanda bai ji ba. To sabo zuwa yaushe? Kwana uku? Bakwai? Arba'in? Takabar Inna tana da lissafi, wata huɗu da kwana goma, kowa ya san ranar fita. Wannan kuwa littafin bai ba da rana ba. Na duba littafi na biyu, shi ma bai bayar ba. Mu da muke cewa ya rasu, ko ɗazu ne ko shekara hamsin, mun huta ne, ko akwai abin da muka rasa? Na karanta wa Inna bayanin tana tsince shinkafa. Ta ce harshen da sai ya tambayi mutum ko yana raye kafin ya ba shi kalma, wannan ba harshe ba ne, mai duba takardu ne a kan iyaka.

Na goge *has* ɗin. Sai na ji ba zan iya ci gaba ba sai na ji muryarka. Tun rasuwarka ban buɗe saƙonninka ba. Na koma can sama, ga na farko-farko, waɗanda ka yi kafin in hana ka. Guda ashirin da uku ne. Da niyyar kuka na fara saurare, kuma na yi. Amma a wajen na biyar sai kunnen ɗaliba ya farka, na jawo littafi na fara rubuta abin da kake faɗa, kalma bayan kalma.

Baba, cikin ashirin da ukun nan, sha tara suna da *don*. Ba ko ɗaya da ka haɗa shi da jiya. Ko ɗaya. Inda kake ba da labarin abin da ya wuce ya ƙare, sai ka ajiye shi: *Yesterday rain beat us for road.* Inda abin yake tare da kai har lokacin da kake magana, sai ka ɗauko shi: *Tyre don burst*, wato ga ni nan tsaye a gefen titi. Akwai wanda ka ce *I don dey border since morning*, wanda shi ne ainihin misalin da ke shafi na gaba a littafina, tufafi kawai suka bambanta. *I never chop* ɗinka kuwa ba ya nufin ba ka taɓa cin abinci ba a duniya. Yana nufin ba ka ci ba tukuna. Na sake saurarensu daga farko don kada in zama na ji abin da nake so in ji. Lissafin bai canza ba.

Dokar da ta kunyata ni a gaban malamai uku, kai kana bin ta a tasha, da sitiyari a hannu, ba ka san tana da suna ba.

Wa ya koya maka? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma da sauƙin amsa da na yi ta a kan lokaci. Wani kwandasta ne a Legas? Wata mai sayar da abinci ce a Seme? Ka taɓa yin kuskuren aka yi maka dariya, ko kunnenka ne ya ɗauka kamar yadda yake gane ƙarar injin da ba shi da lafiya? Yaya kunne yake sanin dokar da baki ba zai iya faɗa ba? Na karanta cewa *don* daga *done* ya fito, wato an gama. Abin ya ba ni mamaki, kalmar gamawa ce take ɗauke da abin da bai gama da mutum ba. Da kana nan da ka ce Malama ta fara, a kawo mata ruwa.

Duk da haka ban yi niyyar kai wannan aji ba. Na shirya darasina yadda aka koya mana, shafi huɗu, kowane mataki da mintinsa.

Ranar Talata na hau zem, babur ɗin haya, da ƙarfe bakwai saura kwata don tsoron cunkoson mahaɗar Godome, na isa da saura minti hamsin. A bangon farfajiya akwai sanarwa da manyan haruffa: Turanci ko Faransanci kawai, wanda aka ji yana buroka zai share aji. Na karanta ta sau uku ina jira. Yaran su ashirin da takwas ne, 'yan shekara sha uku zuwa sha huɗu. Shugabar makarantar, wadda kowa ke kira Madam, ta zauna a kujerar baya, ta cire agogonta ta ajiye a kan tebur. Mace ce mai kamar shekara sittin, da tabarau mai igiya. An ce a Akara ta yi karatu. Turancinta kamar na rediyo.

Na ja layi a tablo, allon ajin, na sa jiya a hagu, yau a dama. Na rubuta *have* da *has*. Na jero kalmomin aiki. Duk abin da na tambaya sai su amsa baki ɗaya sun gane. Sai na ba su jimla ɗaya su mayar Turanci: *J'ai vu ma tante hier*, na ga gwaggona jiya. Na zaga ina leƙa littattafai. Ashirin da huɗu cikin ashirin da takwas sun rubuta *I have seen my aunt yesterday*. Duk sun shiga motar Lome, ni na saka su da hannuna. Na sake bayani, da ƙarfi wannan karon, kamar ƙarfin murya ne ya rage. Idanunsu na kallona da ladabi, ba komai a ciki. Na dubi agogon bango, saura minti sha ɗaya. Allin ya karye a hannuna. Wallahi Baba, a lokacin na ga kaina a San-Mishel ina auna yadi shida.

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na tambaye su ko akwai wanda ya taɓa jin an ce *I don chop*. Kawuna suka juya baya wajen Madam, suka dawo. Wata yarinya a bakin taga ta ƙunshe dariya, ta ce masu sayen kaya a wurin uwarta 'yan Legas haka suke faɗa, kuma ma'anarsa ciki ya cika. Na ce to, in wani ya ce *I don chop yesterday*, ya zauna mata a kunne? Ta yamutsa fuska. Ta ce wanda ya ci jiya ai yau yunwa yake ji, me zai yi wa mutane burga da shi? Ajin ya fashe da dariya. Ba zan ce ba a taɓa faɗar haka a duniya ba, don ban bincika ba. Amma kunnensu ya ƙi ta, kamar yadda naka ya ƙi. Ashe duk sun san buroka, daga kasuwa, daga finafinai, daga waƙoƙin da ke tashi a shagunan waya. Na rubuta *don* a tablo, na ja kibiya zuwa *have*. Na ce duk inda na farkon ya zauna, na biyun zai zauna. Inda ya ƙi, su bar shi. Na ba su sabuwar jimla da ke da "makon jiya" a ciki. Ashirin da biyar suka samu. Madam ta ɗauki agogonta ta ɗaura.

A ofishinta ba ta ce in zauna ba sai da ta gama rubutu. Ta ce ta ga sakamako, ba za ta musa ba. Amma iyaye suna ƙetaro gari da 'ya'yansu ne don kada su tashi suna magana kamar 'yan tasha. Kalmar da ta yi amfani da ita ke nan, irin tawa sak. Sannan ta tambaye ni a ina na samo wannan dabara, don ba ta cikin littattafan da ta sani.

Na ce a wurin wani direba ne a unguwarmu.

Ba ƙarya na yi ba, na ta gaya wa kaina a kan zem ina komowa. Direba ne kai, a unguwarmu kake. Amma ka san ni da bin diddigi. Na san gaskiyar da ake faɗa don a ɓoye wata, kuma na san wannan ita ce. Karo na biyu ke nan, Baba. Na farko ina yarinya, an yi mini dariya. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ni kaɗai ce da tsoron rasa aiki.

Ranar Laraba da azahar aka kira ni daga makarantar, aka ce ni aka ɗauka, in zo Alhamis in sa hannu a kontira, takardar ɗaukar aiki. Baffa ya yi murna da gaske. Ya ce Allah ya cece shi daga mai shagon da za ta auna yadi sau uku kafin ta yanka, mai saye ya gaji ya tafi. Inna ta dafa shinkafa da miyar kifi. Da ta ga ina juya cokali, ta ce in faɗi abin da na yi, don fuskata irin ta ranar da na fasa mata kwano ce. Na gaya mata duka, har da maganar daren tuwo, wadda ashe ba ka taɓa gaya mata ba. Ta ɗauka gajiya ka yi da wasan. Sai ta ce Malam Garba ya taɓa ba ta labari, wai in kun ƙetare iyaka sai ka faka a gefe, ka gwada saƙon a bakinka sau biyu kafin ka danna, fasinjoji na ƙorafi kana ce musu su yi haƙuri, jami'a kake kira. Ba ta ce in yi kaza ko kaza ba. Ta dai ce direban nan yana da suna, ta kwashe kwanuka.

Jiya Alhamis na koma. Takardar tana kan tebur, shafi biyu, na karanta kowane layi. Madam ta miƙo mini alƙalami. Na karɓa na ajiye. Na ce akwai abin da na faɗa ranar Talata da bai cika ba, kuma ina so ta sani kafin in sa hannu, ko da zai sa ta sake shawara. Na ce direban nan mahaifina ne, kuma duk abin da ta gani a minti sha ɗayan ƙarshe nasa ne. Da Turanci muke magana, kuma a ruɗe *is* na ce, *he is my father*, kamar kana tasha kana jiran lodi.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi murmushi ba. Ta tambaya: *Has he seen you teach?* Wato ya taɓa ganin kina koyarwa?

Amsa biyu ce a gabana, kuma na gan su sarai kamar an rubuta a tablo. Ta farko, *he hasn't seen me yet*, bai gan ni ba tukuna. Ita ce ta fara zuwa bakina. Ban taɓa sanin tukuna tana da daɗi haka ba. Tana barin ƙofa a buɗe, tana ajiye maka kujera a layi na uku. Da na faɗe ta ba wanda zai kama ni, Madam ba ta san komai ba. Amma gyara na zo yi. Na ce: *No, Madam. He never saw me teach.*

Ban ƙara ko kalma ba. Ban ce ka rasu ba. Ta cire tabaran ta bar shi yana lilo a ƙirjinta. Sai ta yi mini ta'aziyya da Faransanci, a hankali, irin yadda maƙwabciya take yi. Ta tambayi shekara nawa ka yi a hanya, na ce ashirin da shida. Ta tambayi sunanka, na faɗa mata cikakke, har da na Kaka. Ta turo takardar gabana. Ta ce sharaɗinta ɗaya ne kuma bai canza ba: kada ta ƙara ganin kalmar nan a kan tablonta. Na sa hannu a wuri biyu.

Tun jiya nake juya maganar. A kan tablonta ta ce. Ba ta ce a cikin ajinta ba, ba ta ce a bakina ba. Ko tuntuɓen harshe ne? Matar da ta ji mutuwa daga kalmar aiki guda, anya takan yar da kalma ba da niyya ba? Na so in koma in tambaye ta don in tabbatar, har na ɗauki mayafi. Inna ta ce in na koma ofishin nan karo na uku da wata tambaya, ita da kanta za ta raka ni shagon Baffa. Na zauna.

Ga dai abin da na yanke. Ranar Litinin zan fara, aji uku aka ba ni. Ba zan rubuta ba, tunda na yi alkawari. Amma duk shekara akwai makon da za a iso wannan darasi, kuma duk shekara yara za su shiga motar da ba tasu ba. In an zo nan zan ajiye alli in faɗa da baki. In sun tambayi wa ya koya mini, ba zan ce wani ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Wataƙila na yi wa maganar Madam fassarar da ba ta nufa ba, wataƙila wata rana a kira ni ofis. In an kira ni zan je.

Ka yafe mini, Baba. Na hana ka magana da ni da harshen da ka sha wahala ka koyo, kuma kai ne mai gaskiya.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ya sa ka huta daga doguwar hanya. Mu kuma Allah ya kyautata namu zuwan. Inna tana kira, shinkafa ta kusa kamawa. Na bar ka a hannun Wanda ba ya ɓatar da amana.

'Yarka mai yawan tambaya,
Salamatu